Man Masara a Motar Baba Ilu

Tun daga filin jirgi aka fara cuta ta, ban ma kai ga shan ruwan ƙasar ba. Na sauka Amurka da akwati ɗaya da takardar makarantar koyon aikin gona, bayan na shekara goma sha ɗaya ina malamin gona a Batsari. Na nufi bas ɗin da aka kwatanta mini, sai ga wani mutum da kwat ya tare ni yana murmushi kamar ya san ubana. Ya ce, "Yallaɓai, wannan mai arhar ba za ta yi maka ba, ba ta zuwa inda za ka." Na bi shi na shiga tasinsa. Sai da muka yi awa guda muna kewaye gari sannan ya ajiye ni a ƙofar makaranta. Ina juyowa, sai ga bas ɗin nan tana sauke mutane a bayana.

Na biyu dillalin gida ne. Na nuna masa ɗakin da nake so, ya girgiza kai ya ce mai arhar ba zai yi mini ba, akwai hayaniya, yana da wani mai kallon lambu. Ashe ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake. Tagarsa ba ta fi faifai ba, kuma ba abin da nake gani ta cikinta sai takalman mutane da ƙafafun kare. Na uku mai sayar da layin waya, shi ma maganar ke nan, kamar a makaranta ɗaya suka haddace ta. Ranar na zauna a ramin nan nawa na rantse wa kaina cewa duk wanda ya ƙara ce mini mai arha ba zai yi mini ba, to mai arhar zan ɗauka, ko da kuwa uwata ce ta faɗa da Turanci.

Wata biyu na yi ban ji Hausa daga bakin kowa ba sai a waya. Garin ƙarami ne, ko ta ina ka duba masara ce har ƙarshen gani. Masallacinmu ɗaki ne a saman wani shago. Wata Juma'a bayan an idar, ina bakin matakala ina faɗa da ƙanena a waya kan taki, sai na ji an dafa ni.

"Kai, wanga harshe na Katsina ne. Daga ina?"

Na juyo na ga dogon tsoho fari, siriri, da hular sanyi a kan hular zanna. Na ce, "Batsari, Baba."

Ya ce, "Ash-sha, Allah ya kyauta maka. Ni mutumin Zakka ne, ƙasar Safana. Taho mu tahi gida ka ci tuwo, na ga wuyanka ya yi tsawo."

Wannan shi ne Baba Ilu. Shekara talatin yana yanka a wata babbar mahauta a bayan gari. Shi da matarsa Hajiya Turai ba su haihu ba, sai suka mayar da ni ɗan gida. Ran da na fara cin miyar kukar Hajiya na yi ta share ido ina cewa yaji ne, su kuwa suka yi kamar ba su gani ba.

Baba yana da wani aikin da ba a biyan sa. Duk Musulmin da ya rasu a yankin nan, shi ke wanke shi. Yana da wata tsohuwar mota mai dogon jiki, ta girmi aurena nesa ba kusa ba, a bayanta yake ajiye bokitai da tawul da garin magarya da turare da yadin likkafani. Ba wanda ke taɓa masa ita, shi ke ba ta mai, shi ke duba ta. Ya fara ɗaukata ina riƙe masa buta, har na iya. Wata rana muna dawowa daga wankan wani Basudane, sai ya ce, "Sanusi, ran da tawa ta zo, kai za ka wanke ni. Ba ni son a riƙa juya ni ana Turanci a kaina. Likkafanina na nan ƙarƙashin kujera, daga Makka na taho da shi."

Na ce, "Haba Baba, ai sai ka ga jikokina."

Ya ce, "Na ce ka ji?"

Na ce na ji.

To, sai in faɗi yadda na san man nan. A gidajen man garin ba yaran famfo, kai za ka zuba wa kanka, kuma famfon yana da hannu kala-kala. Baƙi shi ne fetur na kullum. Shuɗi ya ɗan fi arha. Rawaya kuwa arharsa har ta ba ka tsoro. A gonar makaranta akwai sabuwar a-kori-kura da ake aike na da ita, shugaban gonar ya ce in riƙa zuba mata shuɗin. Na tambaye shi abin da ya sa ya fi arha, ya ce an ƙara masa barasar masara ne, kashi goma sha biyar cikin ɗari. Na ce, "Masara? Wadda ake ci?" Ya ce ita fa.

Wallahi ranar haushi ya hana ni cin abinci. Gonarmu ta ƙauyen Darini damina biyu ke nan ba wanda ya iya leƙa ta saboda 'yan bindiga. Innata tana aiko mini da saƙon cewa tiyar masara ta fi ƙarfin mutane, mai kuma ya yi tsadar da malaman makaranta suka jingine baburansu suna tafiya a ƙasa. Ni ga ni nan ina ɗura wa mota tuwon gida guda a tanki. Amma dai motar ta sha, ba ta taɓa ko tari ba. Daga nan na ɗauka cewa na gama sanin mai. Ban tambayi wace mota ke shan wane ba, shi ma shugaban gonar bai ga dalilin gaya mini ba.

Baba ya rasu ran Laraba da hantsi, cikin tsakiyar sanyi, a babban asibitin birni, tafiyar awa uku daga garinmu. A Zakka da kafin azahar an rufe shi an dawo ana karɓar gaisuwa. A nan kuwa sai takarda. Likita ya sa hannu, wani ofis ya sa hannu, wani ofishin ya ce wancan bai sa a daidai ba. Baba yana kwance cikin firij kamar nama. Hajiya ba ta cewa komai sai, "Sanusi, yana jin sanyi." Na san mamaci ba ya jin sanyi, ita ma ta sani.

Ran Alhamis da yamma limamin masallacin birni, wani Basomale, ya kira ni ya shimfiɗa mini ƙa'ida. Gidan da ke ajiye gawa za su ba mu ɗakin wanka daga sha ɗaya zuwa ƙarfe ɗaya. Masu maƙabarta sun haƙa kabari da inji, amma ƙarfe huɗu suke rufe ƙofa, kuma ba sa aiki Asabar da Lahadi. Takardar izini ta ƙarshe, wadda Hajiya ta sa wa hannu, sai an kai ta hannu da hannu. In ba ta iso ba, sai Litinin. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ƙarfe goma ina wurin.

Da safe na sa farar shaddata, na ɗauki makullin motar Baba. Na biya na ɗauki Razaku, wani Bahaushen zangon Kumasi da ke aiki a mahauta tare da Baba, mutum mai ƙiba da yawan tsoro. Allurar mai tana kwance a ƙasa, sai muka tsaya gidan mai na bakin gari. Na fito, na dubi hannayen nan uku, idona ya tsaya kan rawaya. Mutumin da ya yi layin mai na kwana biyu a Batsari ba ya ganin arha irin wannan ya wuce. Na ce a raina, shuɗi masara ne, rawaya ma masara ce, ai ɗan uwansa ne.

Na fara zubawa ke nan sai ga matar da ke tsaron shagon ta fito da gudu, dattijuwa mai furfura, ko rigar sanyi ba ta tsaya sawa ba. Tana ɗaga hannu tana cewa, "Yallaɓai, tsaya! Wannan mai arhar ba zai yi wa motarka ba!"

Kai! Na ji kamar an watsa mini barkono. Maganar nan dai, ko harafi ba ta canza ba. Na yi mata murmushi irin na wanda ya waye, na ce na gode, na ci gaba da matsa famfo.

Razaku ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Sanusi, ko mu ji abin da take cewa? Ga ta tana rawar sanyi fa."

Na ce, "Razaku, rufe tagarka. Sau uku aka yi mini wannan waƙar. Ni da nake zuba man masara kullum a gona, ita za ta koya mini?"

Matar ta nuna murfin tankin tana ta bayani, ni ina kallon lamba tana gudu. Da ta gaji ta ɗaga kafaɗa ta koma ciki. Na cika tanki fal har ya tofo.

Minti ashirin na farko lafiya lau, har ina yi wa Razaku gori. Daga nan motar ta fara tari. In na taka sai ta yi kamar za ta tashi, sai ta noƙe. Wata fitila ta kama a gabana. Razaku ya fara salati a hankali, na ce ya daina, yana ɗaga mini hankali. Muka yi ta lallaɓawa kamar jakin da aka yi wa lodi, manyan motoci suna wuce mu suna danna mana oda. A wata mararraba cikin gonaki na tsaya don in duba hanya, sai ta yi shiru. Na murɗa makulli, ta yi gurnani ta mutu. Na sake, haka. Na sake har sau bakwai.

Ba gida, ba mutum, sai kututturen masara cikin ƙanƙara. Na kira masu janwe, suka ce akwai motoci da yawa a gabanmu, sai nan da awa uku. Tasi kuwa ko sunan wurin ba su sani ba. Muka buɗe gaban mota muka tsaya muna kallon inji kamar zai yi mana magana. Ƙarfe goma ta wuce. Hajiya ta kira, na ƙi ɗauka. Liman ya kira, na ce masa muna hanya.

Razaku ya ce, "Da ka saurari matar nan..."

Na ce, "In ka ƙara cewa matar nan, wallahi a nan zan bar ka."

Ya ce, "Da wace motar?"

Wajen sha ɗaya da rabi wata a-kori-kura ta fito daga hanyar gona da damin ciyawa a baya. Wata tsohuwar Baturiya ta sauko, gajera, da takalmin roba har gwiwa. Ta ce sunanta Marta. Na gaya mata komai, har da Baba da ƙarfe huɗu. Ta buɗe murfin tankinmu ta shinshina, ta dube ni ta saman tabarau.

"Rawaya ka zuba wa wannan kakar?"

Na ce e.

Ta ja ni zuwa motarta ta nuna mini murfin tankinta, rawaya shar. Ta ce, "Ka ga wannan? Motar da aka ƙera don ta sha shi ce kawai ke da irinsa, ko ka ga an rubuta a jikin ƙofar tankin. Rawayan nan kusan duk barasa ne, fetur ɗin kaɗan ne. Shuɗin ma sai motar da aka yi daga shekarar dubu biyu da ɗaya zuwa sama. Taka ko shuɗin bai kamata ta sha ba, balle wannan. Babur ma ba a zuba masa, ko injin yankan ciyawa. Ba wanda ya gaya maka?"

Razaku ya buɗe baki, na harare shi, ya rufe.

Na roƙe ta ta kai mu birni. Ta ce da za ta iya da ta yi, amma mijinta na kwance a gida da bututun iska a hanci, ba ta nisa da shi. Abin da za ta iya shi ne, tana da fetur na gaske a gona, kuma man da ke tankinmu motarta za ta sha shi. Matsalar ita ce fitar da shi, don ɗanta ya tafi da famfon hannunsu. Ta tafi ta dawo da jarkoki da wani guntun tiyo, tana cewa ba ta san ko zai yi amfani ba.

Da na ga tiyon nan sai na ji kamar na ga ɗan garinmu. Wanda ya yi zamanin wahalar mai a Batsari, ya sayi na bumburutu, ya ara wa maƙwabci lita ɗaya daga tankin babur, ba a koya masa wannan. Na zura tiyo a tanki na durƙusa. Marta ta ƙwala ihu ta ce guba ne, mutane na mutuwa a haka. Gaskiyarta ne kuma, ban ce kowa ya gwada ba.

Razaku ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, tsaya. Ba ka ji abin da ta ce ba? Barasa ce fa. Ran Juma'a, kuma gawa za ka wanke."

Na tsaya da tiyo a hannu. Shekarata arba'in da biyu ko ƙofar mashaya ban taɓa tsayawa ba. Na dubi agogo, sha biyu da kwata. Na ce, "Razaku, ko dai in sa wannan a baki, ko Baba ya ƙara kwana uku a firij. In kana da fatawa ta uku, kawo ta." Na yi bisimilla, sannan na ce astagfirullah don ban san ko ana bisimilla a kan irin wannan ba, na zuƙa.

Tiyon ya fi wanda na saba da shi faɗi. Na zuƙa sau biyu ba komai, a na uku ya taho gaba ɗaya. Ya cika mini baki, ya bi ta hanci, wani ya wuce maƙogwaro, sauran ya wanke mini gaban shadda. Wuta ce kawai. Na jefa tiyon cikin jarka na koma gefe ina kelaya amai a kan ƙanƙara, hawaye na zuba, Marta tana bubbuga mini baya tana kiran sunan Allah da nata yaren. Amma man yana gudu. Jarkokinta suka cika, tanki bai ƙare ba, dole muka sauko da bokitan wankan Baba muka tara. Wannan ya fi aman ƙona mini rai.

Kafin mu juye mata namu, mu zuba nata, motar ta yarda ta tashi bayan tari da hayaƙi, ƙarfe ɗaya ta gota. Marta ta ƙi karɓar komai. Ta miƙo mini kwalbar madara ta ce in kurkure baki, ta ce in gaida mamacin. Haka ta ce, in gaida shi.

Muna hawa titi liman ya kira. Ya ce ba za su iya riƙe ɗakin ba, akwai wata gawar a layi. Shi da wasu mutum biyu za su yi wankan yanzu, su rufe shi da zane, su kai shi maƙabarta su jira mu da likkafani da takarda. Na ce, "Malam, ya ce ni zan wanke shi." Ya ce, "To ka zaɓa, ɗan'uwa. Ka wanke shi ran Litinin, ko mu wanke shi yau." Na ce su wanke shi. Razaku ya juya fuskarsa wajen taga, ni kuwa na yi kuka sosai, ina tuƙi ina zagin kaina da sunan ubana.

Huɗu saura minti ashirin muka shiga maƙabarta. Na miƙa takarda, na zaro likkafani daga ƙarƙashin kujera, aka sa masa a cikin motar gawa. Da aka tsaya salla na shiga sahu, sai na ga na damana ya matsa, na haguna ma ya matsa. Wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa, ga jan ido, ga warin barasa, ya yi tsaki. Ban da bakin bayani, kuma ba lokaci. Na cire rigar shaddar na yar a kan ƙanƙara, na koma sahun baya da 'yar singileti cikin sanyin nan na yi sallata.

Da aka zo sa shi a kabari, liman ya ce, "Ina ɗansa?" Ba wanda ya motsa. Razaku ya tura ni gaba ya ce, "Ga shi nan." Dattijon nan ya fara magana, liman ya ɗaga masa hannu. Na sauka cikin ramin, aka miƙo mini Baba. Bai da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da shi a kan damansa, na kwance ƙullin, na yi masa magana da Hausa a hankali. Na gaya masa abin da na yi wa motarsa, na ce ya yafe mini.

Washegari da safe Hajiya ta miƙo mini waya ta ce in yi magana da Malam Bube, yayan Baba da ke Zakka, wanda ya kwana uku yana jiran a ce an rufe ƙanensa. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi sanyi, na tambayi shanu da mutanen gida. Sannan ya ce, "Ilu ya ce mani akwai yaron Batsari da zai wanke shi. Kai ne?"

Hajiya tana zaune a gabana, ita ma ba ta sani ba tukuna. Na ce, "Ni ne, Baba. Amma ban wanke shi ba. Na makara, kuma laifina ne, ba na kowa ba. An gaya mini gaskiya na ƙi ji."

Ina jin kukan ɗan maraƙi a bayansa.

Ya ce, "Wa ya sa shi a rami?"

Na ce, "Ni."

"Wa ya juya mashi fuska gabas?"

"Ni, Baba."

"Da wane harshe ka yi mashi sallama?"

Na ce, "Da namu."

Ya ja numfashi ya ce, "To, ba Turai wayar."